Katunan Ummi a Kwalin Takalmi

Akwai wata ranar Laraba da har yau ban manta da ita ba. A ƙarshen watan Nuwamba ne, cikin shekarun tamanin, lokacin ina aiki a wani laburaren gwamnati kusa da Greenbelt, a jihar Maryland ta Amurka. Ku da kuka shigo aikin nan zamanin kwamfuta sai na ɗan yi muku bayani, in ba haka ba za ku ce tatsuniya nake muku.

Ni Saratu 'yar Kafanchan ce, karatun maigidana ya kai mu can. Daga matakin ƙasa na fara, mai jera littattafai a kanta. Bayan shekara biyu aka ɗaga ni zuwa teburin aro na sashen yara. Shugabar sashen ita ce Misis Helen, doguwar Baturiya mai gilashi, tana da kirki amma ba ta wasa da ƙa'ida. Aikina shi ne idan yaro ya kawo littafi, in zaro katin da ke bayansa, in buga hatimin ranar da zai dawo da shi, wato mako uku nan gaba. A gefen teburin muna ajiye tsofaffin katunan da aka daina amfani da su, da guntayen fensir, don mai neman littafi ya rubuta lambarsa a bayan kati. Ku riƙe maganar katunan nan.

Wata rana na ji mace tana yi wa 'yarta faɗa da Hausa a tsakanin kantoci, wai ta daina jan littafi ta wuya. Na bar teburina na je na gaishe ta, saura kaɗan mu rungume juna. Malama Binta ke nan, Bakatsiniya. Mijinta yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Ita kuwa malamar firamare ce, ta yi kwalejin horon malamai, ta koyar shekara takwas a gida kafin su taho. Tun ranar take ce mini Yaya Saratu, ni kuma ina ce mata Maman Ummi.

Ummi shekararta takwas, siririya mai manyan idanu, kuma tana da sikila. Sanyi shi ne babban abokin gabarta. A hunturun da ya wuce sau biyu ana kwantar da ita a asibiti, ɗaya daga ciki tsayuwar jiran motar makaranta ce ta jawo shi. Shi ya sa iyayenta suka rubuta wa hukumar ilimi cewa za su koyar da ita a gida. An yarda, amma da sharaɗi: jami'ar hukuma za ta riƙa duba yadda karatun ke tafiya. Idan ba ta gamsu ba, yarinya ta koma makaranta, sanyi ko ba sanyi.

To a lokacin akwai kamfanoni masu sayar wa irin waɗannan iyaye karatun shekara guda a kwali. Ka cike takarda ka aika ta gidan waya, sai kwali ya zo maka har ƙofa: littattafan karatu, na lissafi, jagoran malami, taswira, har da kaset. Kuma da zarar ka sayi ɗaya, shi ke nan, takardun talla ba za su bar ka ka huta ba. Maman Ummi ta sayi na farko, ta sayi na biyu, ta sayi na uku. Duk Laraba sai ta zo da sabuwar talla tana tambayata ko wannan ya fi wancan. Na sha gaya mata rabin abin da ke ciki muna da shi a nan kyauta. Sai ta yi murmushi ta ce ai makaranta ba ta tsayuwa da littafin aro.

Abin da ya ƙara zuga ta shi ne zuwan jami'ar na farko. Matar ta duba ta ce abin da ta gani bai isa ba, za ta sake dubawa a watan Disamba. Maman Ummi ta ɗauka littattafan ne ba su isa ba.

Ni kuwa ina lura da wani abu da ban iya faɗa ba. Ummi takan zo a ƙunshe kamar ƙullin alala, hula kan hula, safa kan safa. Uwar kuwa suwaita biyu ce a jikinta sai mayafi, ba ta da kwat. Na taɓa yi mata maganar cikin wasa, ta ce Bakatsiniya ba ta jin sanyi. Na san ƙarya take yi, na kuma san inda kuɗin kwat ɗin suka tafi.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, ta shigo leɓɓanta sun bushe, ta ajiye mini takardar odar kwali na huɗu, wai in taimake ta cikewa don akwai inda ba ta gane ba. Ku da kuka yi aiki da ni kun san bakina ba ya da birki. Na ce mata wallahi ba zan cike ba. Na ce ita da take da takardar malanta ta bari masu talla suna juya ta, ɗaki ya cika da kwalaye, ita kuma tana yawo a titi kamar wadda ta fito shanya. Na faɗi maganganu, wasu ma ba su kamata ba.

Ba ta yi fushi ba. Da ma fushin ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta dubi Ummi da ke can tana karatu, ta rage murya.

"Yaya Saratu, saura kwana tara matar nan ta dawo. In ta ce Ummi ta koma makaranta, ni na san abin da sanyin Janairu zai yi mata. Ke ba ki taɓa jin kukanta in ciwon ya tashi ba."

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun watanni: na ce ta nuna mini wasiƙar jami'ar. Tana cikin jakarta, ta ninku har ta fara yagewa. Na karanta sau biyu. Babu inda aka ambaci yawan littattafai. Abin da matar ke nema shi ne aikin yarinya da hannunta, mai kwanan wata, wanda zai nuna tana ci gaba.

Na tambayi Maman Ummi ina aikin yarinyar. Ta ce a allo suke yi. Ta sayi baƙin allo ta jingina a falo, Ummi kuma tana da ƙarami. Kullum sai ta kwafe aikin daga littafi zuwa allo, yarinya ta yi, ta duba mata, a goge. Na ce to littattafan aikin da ke cikin kwalayen fa, waɗanda aka bar gurabe a cikinsu don yaro ya cike? Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"A rubuta a cikin littafi? Sabo fil?"

Ashe duk ta yi musu bango da takardar da ake zuba cefane a kanti, ta jera su a kabad, ko ɗigon fensir babu. Su ta nuna wa jami'ar, tare da littafin tsarin darasinta mai jan layi da rajistar da take kiran sunan ɗaliba ɗaya tak kowace safiya. Haka ake tarbar sufeto a gida: ya duba tsarin darasin malami, ya duba rajista, ya buɗe kabad ya ga littattafai tsaf, ya yaba.

Na fara dariya, sai na fasa. Na tuna ina aji uku, mu huɗu ke raba littafi ɗaya mai bangon takardar siminti, na ɗiga masa tawada, malam ya yi mini bulala shida a gaban aji. Da ni ce a matsayinta, abin da zan yi ke nan. Mu aka raina da tsoron littafi, nan kuwa an buga shi ne don yaro ya ɓata shi da hannunsa.

Ta ce to za ta sa Ummi ta cike su duka kafin kwana tara. Na ce a'a, wannan kwantar da yarinyar zai yi, kuma jami'ar ba yarinya ba ce, za ta gane. Karatun wata tara an goge shi da tsumma.

Ina cikin juya hatimi a hannuna sai abin ya faɗo mini. Duk Laraba, yayin da uwar ke fama da takardun talla, Ummi takan zauna kusa da teburina ta kwashi tsofaffin katunan nan tana rubutu a bayansu. Wani lokaci labarin littafin da ta karanta, wani lokaci lissafi, wani lokaci zanen tsuntsu da sunansa. In ta gama sai ta miƙo ta ce, "Anti Saratu, a buga." Ƙarar hatimin take so. In buga mata, ta ce wasiƙa ce ta aiko mini. Ni kuma ba na iya zubar da abu, maigidana ya gaji da mita a kan haka. Sai na riƙa jefa su a wani kwalin takalmi a ƙarƙashin tebur. Sau biyu Misis Helen tana cewa in kawar da shi.

Muka juye kwalin a babban tebur, katuna suka rufe shi. Muka jera su bisa kwanan watan hatimi, daga aikin Maris har zuwa na Nuwamba. Ko makaho ya shafa zai san an yi karatu. Na farko haruffa ne manya suna hawa suna sauka, na ƙarshe kuwa jimloli ne a jere, har da lissafin rabawa. Duk abin da aka goge a allo, ashe yana nan a kan yarinyar.

Maman Ummi tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, halin malanta bai bar ta ba, tana gunagunin inda aka bar harafi. Sai na ga ta tsaya a kan wani. Na leƙa. Zanen mace ne da yarinya a wurin jiran bas, a ƙasa an rubuta da Turanci: "Mamana tana rawar sanyi. Ta ce ba ta ji. Ni ina ji a hannunta."

Ni na buga wa katin nan hatimi makonni biyu da suka wuce, ban ko karanta ba. Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta ɗauki takardar odar ta ninke ta huɗu, ta miƙo mini ta ce in sa a kwandon shara. Ni ce na yi kukan, ba ita ba.

Na tafi ofishin Misis Helen da buƙata biyu. Ta farko, ta rubuta takardar shaida cewa a gabanmu aka yi katunan, ta kuma bayyana cewa kwanan watan hatiminmu yana gaba da mako uku. Ta biyu, a ba Maman Ummi katin malamai, wanda ake aron littattafai da yawa da shi har na mako shida. Ta ce ƙa'ida sai an kawo wasiƙa daga shugaban makaranta. Na ce ai matar da ke zaune can ita ce shugabar makarantar, ita ce malama, ita ce mai shara. Ta cire gilashi ta fito ta duba teburin.

"Waɗannan ne na ce ki zubar?"

Na ce su ne. Ta rubuta takardar nan take. Maganar kati kuwa ta ce ba huruminta ba ne, sai ta tambayi shugaban reshen laburaren namu. Ranar Litinin ta ajiye mini katin a tebur.

Jami'ar ta yarda a haɗu a ƙaramin ɗakin taronmu. Ina hango su ta gilashi, ina buga wa mutane hatimi a karkace. Ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya, ta sa Ummi ta karanta mata wasu, ta ba ta lissafi ta yi. Can na ga ta sa hannu. Abu ɗaya ta roƙa, a bar yarinya ta yi rubutu a littattafanta.

A teburina aka fara. Maman Ummi ta buɗe sabon littafin lissafi, ta ba Ummi fensir, sannan ta kawar da kai gefe kamar wadda za a yi wa allura. Na yi mata tsiya har ta yi dariya.

Daga nan muka kafa doka tsakaninmu. Duk abin da ta gani a talla, sai mun fara nemo shi ko irinsa a aro, ko da daga wani reshe ne. In mako uku ya cika Ummi tana nemansa har yanzu, a saya. Yawanci kafin lokacin an manta da shi. Kwali na uku, da ashe ba a ma buɗe shi ba, aka mayar wa kamfanin. Littattafan da suka yi wa Ummi ƙanƙanta kuma muka ware musu kanta ɗaya, iyaye masu koyarwa a gida suna kawo nasu suna musanya.

Abin da na koya shi ne, mai sayen littafi fiye da kima sau da yawa ba littafi yake saye ba, tsoro ne ke cin sa, kuma faɗa ba ya maganin tsoro. Wata tara ina yi wa baiwar Allah nan wa'azin littafin kyauta, ban taɓa tambayarta me take gudu ba. In mutum ya zo teburinku, ku nemi ganin wasiƙar da ke cikin jakarsa kafin ku buɗe baki. Kuma abin da yaro ya miƙo muku, ku karanta kafin ku buga hatimi.

Ummi ta yi hunturun nan a gida, ba a kwantar da ita ba ko sau ɗaya. Larabar farko ta Janairu suka shigo ana zuba dusar ƙanƙara, Maman Ummi cikin wani jan kwat na gwanjo da ya yi mata yawa, wai Ummi ce ta zaɓa. Yarinyar ta zauna ta yi rubutunta ta miƙo mini. Wannan karon na karanta. Duk sauran katunan na ba uwarta, wannan kaɗai na riƙe, yana cikin jakata yanzu haka. Ta rubuta: "Yau hannun Mama da ɗumi."