Taken Baba Tanko

A gidanmu na Gangara, in aka gama kaka ɗari ya shigo, kakarmu Inna Hajo takan tara karan dawa ta hura wuta a tsakar gida bayan magariba. Mu zagaye ta, gyaɗa tana gasuwa cikin toka. Gidan makaɗa ne. Mahaifina gangar noma yake kaɗawa, kuma ubangidansa shi ne Baba Tanko, manomin da ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya ba a wurin gayya. Kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da in ya ji shi ya san da shi ake. Na Baba Tanko kakana ne ya yi wa ubansa, ya gada.

Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku lokacin. In za ta fara tatsuniya, Inna takan ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo." In na shiga tonon gyaɗa sai ta ce, "Kai mijin banza, kunne nika so, ba ciki ba."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai wani makaɗi ne a dawa, kowace dabba ya yi mata takenta. Ran nan kura ta kawo masa cinyar barewa, ta ce nata taken bai da daɗi, na ɓauna take so. Ya dubi cinya, ya kaɗa mata. Ɓauna tana can fadama ta ji, ta sheƙo a guje tana zaton nemanta ake, sai ta iske kura tana rawa. Ɓauna ta juya ta koma fadama. Da aka kwana biyu zaki ya ritsa makaɗin a kan bishiya, ya yi ta kaɗa taken ɓauna don ta kawo ɗauki. Ɓauna ta ɗaga kai, ta ce, "Kura aka kira," ta ci gaba da kiwo.

"Inna, zakin ya cinye shi?"

"To da mi zai yi mai, aski?"

Mu yi ta dariya. Ni dai abin da na ɗauka shi ne kada mutum ya hau guntuwar bishiya.

Shekara shida ko bakwai bayan haka kuɗin mai ya cika ƙasa. Samari suka ajiye garma suka nufi bakin iyaka a Jibiya, inda manyan motoci ke jere suna jiran duwan, wato 'yan kwastan. Ni ma na rataya ganga na bi su. Direbobi da fatake suna son a wasa su, kuma suna da sakin hannu. A wata ɗaya na ɗinka riga biyu, na sayi rediyo.

Wata ranar kasuwa wani Alhaji daga Maraɗi mai motoci huɗu ya kira ni. Na kaɗa masa abin da nake kaɗa wa kowa, ya yamutsa fuska.

"Wanga kiɗan 'yan mata ne. Ba ka da na maza?"

Ina da shi. Hannuna ya san shi tun kafin in iya alwala. Na saki taken Baba Tanko, na cire sunansa na sa na Alhaji. Jama'a suka taru, aka shiga yi mini liƙi.

Ashe Baba Tanko ya kawo gero kasuwa. Ya bar jakinsa da buhunansa, ya keto mutane hannu a sama yana kirari, tsoho mai furfura. Da ya iso tsakiya ya ga wanda ake wa kiɗan. Wani kwandasta ya ce, "Baba, kai ma mota gare ka?" Aka fashe da dariya. Ya sauke hannunsa a hankali, ya dube ni, ya koma wurin jakinsa. Ban tsaya ba, sai da na kai kiɗan ƙarshe.

Da damina ta faɗi aka yi gayya a gonarsa. Mahaifina ya kaɗa taken har sau uku, Baba Tanko bai ɗaga kai ba. Da yamma ya aiko da dame biyu na gero, ya ce an gode, amma kada a ƙara wahala. Amanar kaka da kakanni ta ƙare a nan. Mahaifina bai zage ni ba. Ya rataye gangarsa a zaure, har ya rasu bai sauke ta ba.

Ni babu zakin da ya ci ni. Na yi suna a bakin iyaka, na yi aure, har Makka na je da kiɗa. Nan ne tatsuniyar Inna ta saɓa da duniya: wanda ya yi laifin ba lalle shi ke biya ba. Na yi niyyar zuwa neman gafara, ina yau ina gobe, har aka ce Baba Tanko ya cika. Tun daga nan duk wanda ya ce in yi masa kiɗa sai na zauna da shi, na ji abin da ya sha a rayuwa, in yi masa nasa. Wancan taken kuwa na haramta wa hannuna.

Bara jikansa Sani ya zo, yana noman rani yanzu a bakin dam. Ya ce zai tara gayya irin ta da, yana son a kaɗa masa taken gidansu. Na ce ya zauna tukuna, na faɗa masa duk abin da na yi, har maganar kwandastan. Da na gama, ya ce:

"Baba, ban da kai wa ya iya shi?"

Na yi tunani, na rasa. Duk sun mutu.

"To ka riƙe muna shi shekara arba'in da wani abu," in ji shi. "Ran Asabar ka maido."

Ran Asabar na je. Na ɗauki ganga, hannuna bai manta ba.