Ɗan Akuyan da Na Yanka Kafin Lokaci

A shekarun da taki ya gagari talaka, ni manomin gero ne a wani ƙauye bayan Minjibir, kuma ni ake kawo wa duk takardar boko in karanta. Kaina ya kumbura, ina jin babu abin da zai shige mini duhu. Sai aka gano maiɗakina tana da ciwon daji a mama, aka sa mu riƙa zuwa asibiti a birni duk bayan mako uku. Kafin a ɗaura mata ruwan magani sai an ɗebi jininta, a ba mu takarda cike da lambobi. Ban taɓa tambayar amfaninta ba, wai kada a ce mai karatun gari bai gane ba.

A zuwa na uku likita ta duba takardar, ta yi murmushi ta ce komai ya yi kyau. Tun a mota na yanke hukuncin ciwo ya tafi. Muna isa na yanka ɗan akuyanmu, aka toya waina, aka raba sadaka gida-gida, har liman ya sa mana albarka. Maiɗakina ta yi ta cewa ita fa ba ta ji an sallame mu ba, na ce ta bar wa masu ilimi. Ranar komawa ta zo, na tafi cirar gyaɗa abina.

Sai da asibiti suka bugo waya suna cigiyarmu muka koma, mun makara da kwana goma. Likitar ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ta ce wannan gwajin ba ciwon yake aunawa ba. Ƙoda da hanta yake dubawa, da sukari da gishirin jiki, don a san ko jiki zai iya ɗaukar magani na gaba. Idan ya yi kyau, izini ne a ci gaba, ba sallama ba. Gumi ya keto mini, na ga da hannuna na kusa katse wa matata magani.

Allah Ya rufa asiri ta kammala, yau tana nan garau, tana tsokanata wai likitan ƙauye. Ina taya ta dariya, amma nadamar ba ta sake ni ba. 'Yan'uwa, duk takardar da aka miƙo muku a asibiti, ku tambayi abin da ta auna da wanda ba ta auna ba. Gara a yi maka dariya don ka tambaya, da a zo maka ta'aziyya don ka yi shiru.