Ƙahon Komawa Gida

Lokacin haƙar citta muka fi samun tatsuniya a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Wayo ne irin na kakata, Kaka Ladi. In mun ci tuwon acca da yamma, sai ta hura wuta a tsakar gida, ta juye mana kwandon citta, kowa da 'yar wuƙarsa, mu yi ta tsagawa don a shanya da safe. Hannun wani ya tsaya, labari ya tsaya. Citta na cin yatsu, hayaƙi na cin ido, amma ba mai tashi.

Akwai wata tatsuniya da na tsana, ita kuwa Kaka ba ta gajiya da ita. Wai wani gari ne a kan dutse mai masu busa ƙaho biyu. Na farko in ya hango maƙiyi sai ya busa, maza su fito da kwari da baka. Na biyu aikinsa ɗaya ne, in an gama ya busa a koma gida. Wata rana wurin rabon naman farauta mutane suka ce wannan me yake tsinana mana? Ba ya harbi, ba ya gudu. Suka hana shi rabonsa. Ya rataya ƙahonsa, ya sauka daga dutsen, ya kama gabansa.

Ran nan na farko ya ga ciyawa tana motsi, ya busa. Ashe awakin garin ne. Maza suka fito a fusace, ba maƙiyi, ba kuma mai ce musu ya isa. Suka harbe awakin, suka tattake dawarsu, suka cinna wa rumbunansu wuta. Mai ƙahon ya ga hayaƙi, ya ɗauka yaƙi ne, ya ƙara busawa.

Kullum sai na tambaya, "Kaka, na biyun ya dawo?"

"Yarinya nan ya cika tambaya," takan ce da irin Hausarta. "Mutum da an kore shi da yunwa? Suna can har yanzu. Yanka citta."

Da haushinta nake kwana.

Kaka ta daɗe da rasuwa sa'ad da 'yata Alheri ta fara zawo da jini. Mun ba ta maganin atini, mun ba ta na taifot, matan zumuntar cocinmu sun zo sun yi addu'a. Ta rame har sai na kama siket ɗin makarantarta da fil. A wani babban asibiti a Kaduna likita ta leƙa hanjinta da na'ura, ta ce duk ya kumbura ya yi gyambo. Na tambaye ta wace ƙwayar cuta ce.

"Mama, ba baƙo ba ne," in ji ta. "Ƙwayoyin da ke tsaron jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai. Wasu na cewa a tashi a yi faɗa, wasu na cewa a dakata. A hanjin Alheri na faɗa sun yi yawa, na dakatawa sun yi rauni, sai jikinta yake cin kansa."

Ta ce akwai allurar da ke toshe saƙon faɗan, amma ciwon lafawa yake yi, ba ya warkewa. In bai lafa ba, za a yanke wani sashen hanjin. Tana magana, ni kuwa ƙamshin citta nake ji.

Na daina jin haushin Kaka. Ta rayu a ƙasar nan, ta ga garuruwan da aka iya tayar da maza, aka rasa mai mayar da su gida. Ba ta yarda ta yi wa yara ƙarya ba. Ni ban kai ta ƙarfin zuciya ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai.

Jiya da yamma Alheri tana kwance a tabarma, ta haɗa gwiwa da ƙirji, ta ce in ba ta labari. Wannan ne ya zo bakina. Da na kai wurin hayaƙin, sai ta ɗago kai.

"Mama, na biyun ya dawo?"

Na gyara mata zane, na ce, "Yana hanya."