Tabarmar Injiniya Iro a Ƙarƙashin Gada

Shekara tara ke nan da muka kai Injiniya Iro makwancinsa a Malumfashi, amma har yau in na hau gada da mota sai in ji kamar yana zaune a ƙasanta.

Taubashina ne, ɗan gwaggona. Tare muka yi firamare. Shi ya wuce Zariya ya karanta aikin injiniya, ɓangaren lissafin nauyin da gini zai iya ɗauka, ni kuwa na kama tuƙin babbar mota a Funtua. Nakan tsokane shi cewa duk karatun nan nasa na kwaɓa siminti ne. Shi kuma ya ce ai direba kaya ne kawai, ya riga ya lissafa ni da motata. Ya yi aiki a jihohi da dama, gadoji da benaye da manyan tankunan ruwa, amma ban san ko wane ne shi ba sai da ya yi ritaya ya dawo ya kama noman masara a wajen Ƙarfi.

Akwai wani rafi tsakanin ƙauyen kakanninmu da babban titi. Da damina yakan raba mutane da kasuwa da asibiti, mai naƙuda ma sai ta jira ruwa ya janye. Mutanen gari suka haɗa ƙarfi za su yi gada, suka roƙi Iro ya ja ragamar aikin. Kai, sun ji jiki! Yashin da aka kawo ya damtsa a hannu ya ce da ƙasa a ciki, a mayar. Rodi kuwa ɗauri bayan ɗauri yake bi yana girgizawa. Da aka zuba kankare ya sa aka lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har makonni, a tsakiyar rani, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Har mutane suka fara cewa Injiniya ya buɗe lambun dutse.

Bayan an cire katakon da ya tokare kankaren ya same ni a tasha, ya ce in loda masara iyakar abin da motata ke ɗauka, in zo in tsaya a tsakiyar gadar in kashe inji. Ranar gari ya fito ƙwai da ƙwarƙwata. Ina isowa na hango shi ya gangara rafin da tabarma a hammata. Ya shimfiɗa ta daidai ƙarƙashin tsakiyar gadar, ya cire takalmi ya zauna.

Na sauko na ce, "Iro, fito daga nan. Ba na son wasan banza."

Ya ce, "Sule, tun da na fara aiki haka nake yi. In ni da na yi lissafin na ji tsoron zama, da wane ido zan ce wa mace mai goyo ta hau? Koma mota."

Matarsa Hajiya Binta ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na koma mota na tayar da inji. Duk addu'ar da na sani na karanta. Na lallaɓa har tsakiya, na kashe inji. Can sai muryarsa ta taso daga ƙasa: "Iyakar kayan ke nan? Ni na ɗauka direba na kira!"

Kabbara da guɗa suka kaure. Na sauko na zauna a kan gadar ina kuka, ba na jin kunyar faɗa. A wurin ta'aziyyarsa tsofaffin abokan aikinsa suka shaida mana cewa babu gada ko bene da ya taɓa miƙa wa jama'a bai fara zama a ƙarƙashi ba.

Yanzu in na ji labarin bene ya rufta da mutane, ko na ga kwalbatin da damina ɗaya ta tafi da shi, nakan tambayi kaina me zai ce. Na san shi, ba zai yi dogon surutu ba. Cewa zai yi a nemo wanda ya gina, a miƙa masa tabarma.

Bara ruwa ya yi ɓarna a yankinmu, hankalina ya kasa kwanciya sai da na je duba gadar. Rafin ya zaftare gaɓa, ya bar yayi da rassan itace maƙale a saman ginshiƙai, gadar kuwa tana nan daram. Ba a rubuta sunansa a jikinta ba, shi ya hana. Na gangara na tarar da wani makiyayi kwance a inuwar, daidai inda Iro ya shimfiɗa tabarma. Muna gaisawa tirelar taki ta bi ta kanmu, ko ɗaga kai bai yi ba. Na ce, "Malam, ba ka tsoron ta faɗo maka?" Ya dube ni kamar mai taɓin hankali ya ce, "Alhaji, gada ce fa." Ya gyara sandarsa ya koma barci.

Na daɗe zaune a gefensa. Allah Ya jiƙan ka, Iro, Ya yalwata maka kabari, Ya ba ka inuwa kamar yadda ka bar wa wanda bai ma san sunanka ba.