Harsashin da Ya Shiga a Kwance

Har gobe ban manta da ranar da Ammu Haruna ya ajiye mini bindigarsa a kan tebur ya ce in goge in adana, shi ya gama ba. A farkon shekarun dubu biyu ne, alhazai sun watse, gari ya yi sauƙi. Lokacin ni ke kula da ɗakin makamai a nadi, wato kulob ɗin wasan harbi da ke bayan gari. Ku sababbi ba ku riske shi ba. Dattijo ne ɗan unguwar Bani Harisa, shi ya sa muke ce masa Ammu, wato baffa; kakansa da ƙafa ya tako daga Katsina zuwa nan ƙasa mai tsarki, kuma a harbin mita ɗari uku babu kamarsa a tawagarmu.

A shekarar ne mai horarwa, Kaftin Talal, ya sa muka koma harsashi mai nauyi, domin iskar bayan la'asar tana kwashe mara nauyi. Makin kowa ya hau, na Ammu ya faɗi warwas. Ga gasar ƙasa ta matso, Kaftin zai zaɓi masu tafiya.

"Khalas, ya waladi, shi ke nan, ɗana," in ji Ammu. "Ido ya tafi. Gara in sauka da kaina kafin Kaftin ya ji nauyin faɗa mini."

Na ce ai likita ya ce idonsa lafiya lau.

"Wancan Bakanen? Kunyata yake ji."

To ga abin da ya ɓoye mana gaskiya. A nadin, in an gama harbi kowa kan ciro takardar saitinsa, wadda ya harba, a taru a kai ana tsiya. Amma ban da ta dattijo. Tasa wani zai riga shi cirowa, ya ninke bai duba ba, ya miƙa da hannu biyu. Ladabi ne, haka muka taso. Shi kuwa da abu ya lalace sai ya riƙa cusa ta a aljihun tob, doguwar rigarsa, ya faɗi makinsa a taƙaice ya wuce. Makonni ana haka, babu wanda ya ga ramukan da harsashinsa ke yi.

Wallahi bakina ya yi nauyi, amma na daure na ce, "Ammu, ka yi mini afuwa, ko zan ga takardar?"

Ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro ta ya ajiye, ya juya fuska ga bango. Tausayinsa ya kama ni.

Ina buɗewa na ce, "La ilaha illallah!" Mai rawar hannu ramukansa kan warwatse, amma zagayayyu ne. Waɗannan dogaye ne, kamar an kwantar da ƙwallon dabino. Harsashin a kwance yake shiga.

Bari in yi wa ma'aikatan ofis da ke cikinku bayani. A cikin bututun bindiga akwai tsagi a murɗe, shi ke sa harsashi juyawa kamar katantanwa. In juyin ya isa, kai tsaye yake tafiya. In bai isa ba, sai tangaɗi. Harsashi mai nauyi ya fi tsawo, kuma dogo ya fi bukatar juyi da sauri. Bindigogin nadi sababbi ne, ta Ammu kuwa tasa ce ta kansa, tsohuwa.

Na naɗa ƙyalle a sandar gogewa, na yi mata alama, na tura cikin bututun bindigarsa a hankali har ta juya sau ɗaya, na auna tsawon da ta shiga. Inci goma sha huɗu. Na bindigogin nadi inci takwas ne, wato sun fi tasa saurin juyi. Na ɗauko guda daga cikinsu na ba shi, na kira Kaftin, muka fita fili. Ammu ya kwanta ya yi harbinsa. Da muka isa, ramukan zagayayyu, tafin hannu ya rufe su.

Ya shafa su da yatsa, ya ce a hankali, "Ashe ba ni ba ne." Kaftin ya sumbaci kansa.

Saura zaɓen sabon bututu, don ya ce ba zai rabu da bindigarsa ba. Kaftin ya so mai juyi a inci bakwai, ko nan gaba a ƙara nauyin harsashi. Na ce takwas ya ishe wannan harsashin, kuma juyi in ya yi yawa yakan yage ɓawon ƙananan da Ammu ke atisaye da su. Tara kuwa a bakin gaɓa yake. Kaftin ya ce, "Ɗayyib, na yarda, takwas." Da izinin hukuma ya fito aka kawo daga Jidda, na ɗaura. Ammu ya je gasar. Bai ɗauko kofi ba, amma ya ƙara shekaru yana harbi.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a kafin a zargi mutum a duba rami. Mu kuwa saura kaɗan girmamawarmu ta sallami lafiyayyen mutum. Shi ma ya gane. A atisaye na gaba wani ya ruga zai ninke masa takarda, sai ya daka masa tsawa: "Kai, buɗe ta! A yi mini tsiya kamar kowa."