Bular da Kaka Ba Ta Zuba Ba

Jiya wata Baturiya ta shigo shagon gyaran gashin da nake aiki, ta zauna ta cire hula. Gashinta mai ruwan zinariya ya yi kore tun daga tsakiya har ƙasa. Kafin ta buɗe baki warin ruwan wurin iyo ya bugi hancina, warin nan mai kama da na bilic, sai da na dafa kujera. Bari in gaya muku abin da warin nan yake tono mini, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya muna zaune a hawa na biyar a unguwar University Heights ta Bronx, inda in jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya wuce sai kofunan kicin su yi ta kaɗawa. Mama kitso take yi a falo, tana kuma ɗinka wa mata hular gashi. Baba yana shagonsa tun safe. Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga Damagaram shekara guda kafin nan, da munduwar tagulla a hannu da ƙullin tsamiya a jaka. Ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake ba ta amsa, ita kuma ta sa mini suna Baturiyar gidanmu. Kullum muna tsokanar juna, ina sonta ƙwarai.

Kaka tana da hali guda: duk abin da ta ga yana da haske sai ta ɗauraye shi da bula. Rigar makarantata, labulen kicin, har farin takalmina bai tsira ba. Ta taɓa manta tukunya a wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Wata rana kuma ta tsaya a hawa na huɗu tana ta murɗa makulli a ƙofar wasu. Da kunnena na ji Baba yana ce wa Mama tsufa ya fara taɓa ta, in aka sake samun wani abu gara a mayar da ita gida wajen Kawu. Kaka kuwa ba ta son komawa. Cewa take ta gaji da kallon 'yarta a hoto.

A hutun zafin shekarar wata amarya 'yar Gana daga unguwar Morris Heights ta kawo gashin mutum na gaske, wanda aka rina ya koma ruwan zinariya. Mama ta kwana biyar tana ɗinka shi, ta ɗora hular a kan wani kai na roba a saman kabad, ana jiran ranar biki. Ni kuwa idona ya ƙi barin wurin. Ranar da Mama ta tafi kitso gidan wata, na hau kujera na sauko da ita, na cusa a jaka, na nufi wurin iyo na unguwa. Na kafe ta a kaina da fil, na faɗa ruwa, ƙawayena suna ta ihu. Wallahi ji na yi babu kamata a Bronx. Na dawo na busar da ita na mayar, ba wanda ya gane. Sai na sake. A karo na uku, da ta bushe, na ga ta yi kore kamar gansakuka. Na juya ɓangaren da ya fi muni wajen bango, na sauka daga kujera kamar ban san komai ba.

Ranar Alhamis Mama ta sauko da hular, biki kuwa Asabar. Salatin da ta yi har yanzu yana kunnena. Ba ta ko dubi inda nake ba.

"Inna! Bula kika sa wa kayan mutane? Wai me ke damun kanki ne?"

Ban taɓa jin Mama ta ɗaga wa mahaifiyarta murya ba sai ranar. Kuma zarginta ya hau daidai, don ko ni na san in shuɗi ya haɗu da rawaya kore yake bayarwa. Kaka ta karɓi hular, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta ɗago ta dube ni. Ina zaune a gaban talabijin da kwanon shinkafa a cinya, na kafa wa allon ido kamar raina yana ciki. Kalma biyu kawai ake nema daga bakina, ni ce, amma na ci gaba da tauna.

"To, ki yi haƙuri," in ji Kaka.

Ta kwance ƙullin tsamiyarta ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta tace, ta matsa lemon tsami, ta kira ni banɗaki in riƙe mata roba. Tana shafa ruwan a gashin sili-sili, ba gaggawa. Can ta nuna mini cikin munduwarta, ta ce a hankali, "Bula ba ta irin wannan kore. Wannan na tagulla ne in ta sha gumi, kuma tsamiya ce maganinsa." Na ci gaba da riƙe robar. Sau huɗu tana shafawa tana ɗaurayewa, ruwan yana fita da ɗan duhu, har launin ya dawo. Ta bi shi da ɗan man zaitun. Amarya ta sa abinta ta yi rawa, ba ta taɓa sani ba. Sai da na shiga makarantar koyon gyaran gashi na ji malama tana bayanin cewa tagullar da ke cikin ruwan wurin iyo ce take kama gashin da aka rina, abu mai tsami kuma yake ɗaga ta. Na sunkuyar da kai a aji ina hawaye.

Bayan biki da kwana biyu na ɗauki jaka zan fita iyo, Kaka ta tare ni a ƙofar kicin. Ta sunkuyar da kaina a famfo ta jiƙa gashina sharkaf, ta mulke shi da man kaɗe, ta ce in ya sha wannan tukuna ba zai sha na can ba, in na fito kuma in ɗauraye nan take. Sai ta ja kunnena tana dariya.

"Ja'ira. Yau dai da naki za ki je ko?"

Na fizge na ruga ƙasa. Ƙofar faɗin gaskiya ta buɗe mini ke nan, na ƙi shiga.

Kafin a koma makaranta aka saya wa Kaka tikitin komawa gida. Na ji Baba yana gaya wa Kawu a waya cewa har kayan mutane ta fara ɓatawa. A filin jirgi na rungume ta, amma ban amsa laifina ba. Shekara biyu bayan nan aka bugo mana rasuwarta.

Yanzu muna da sabulun ruwa na musamman a kwalba, da shi na wanke wa Baturiyar jiya, na kuma gaya mata abin da nake gaya wa kowa: ta jiƙa kanta da ruwan famfo, ta shafa mai, ta sa hular iyo, ta ɗauraye da ta fito. Ta tambayi inda na koya, na ce wajen kakata. Da na tashi aiki ban wuce ɗakina ba, na hau jirgin ƙasa zuwa gidan iyayena. Na tarar da Mama ita kaɗai a falo tana tsefe wata hular gashi. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, da Hausa, na ce ta yafe mini.

Ta ajiye matajin a cinyarta, ta dubi kujerar da Kaka take zama.

"Na yafe miki," in ji ta. "Ke kin samu wadda za ki roƙa. Ni fa, wa zan roƙa?"