Nonon Bugaje a Jarka

Inna ta daina cin abinci a bazarar da ciwonta ya yi tsanani. Yayana ne ya kira ni daga ƙauyensu da ke hanyar Maraɗi, inda take zaune a hannunsa tun rasuwar Baba. Ya ce ko kunu aka kai mata sai ta kawar da kai, abu ɗaya take ambato, fura da nonon Bugaje, garin da aka haife ta. Sun kawo mata nono daga rugage uku na can, kowanne ta ɗanɗana sai ta ce lami ne.

Ban yi mamaki ba, don Inna ba ta wasa da maganar tsami. A wurinta na lemo yankan harshe yake, na tsamiya a maƙogwaro yake tsayawa, na yakuwa kuwa haƙora yake kashewa. Wanda take so shi ne na nonon da ya kwana biyu a ƙwarya, mai tsinka yawu tun kafin ya kai baki. In ka kawo mata tsala ka ce nono ne, ranar sai ka gwammace ba ka zo ba.

Da sassafe na tafi Bugaje na samo shi wurin wata Bafulatana da ta san Inna. Ƙwarya ba ta hawa babur, da na dawo gida Jibiya sai maƙwabciyata ta ba ni jarkar man girki, irin mai ruwan ɗorawar nan, wankakkiya tas. Na juye nonon, na naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta dafa shi, mai kabu-kabu ya ɗaure ta da roba a bayan babur. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba, alhali a garin nan na tsufa, na san abin da ake ɗauka a irin wannan jarka a lulluɓe a nufi Nijar da shi.

Ba mu kai ga shingen kan iyaka ba masu kaki suka tare mu. Ranar kamen fetur ake yi. Kafin in buɗe baki an yanke robar, an jefa jarkata cikin layin waɗanda aka kama, can gefen titi a tsakiyar rana. Na ce nono ne, wani ya ce kowa ma abin da yake faɗa ke nan, in jira babbansu ya dawo. Mai babur ya ja gefe ya yi kamar bai taɓa ganina ba, ban kuma ga laifinsa ba, abin hawansa yake tsoro.

Akwai wani dogo a cikinsu riƙe da wuƙa, sabon washi, bakinta har ɗaukar ido yake. Shi ke bin layin yana huda jarkoki ɗaya bayan ɗaya, man yana malala cikin rairayi, masu shi na tsaye sun yi jugum. Ba ya sauri, sai ya huda biyu ya koma inuwa ya sha ruwa. Ni kuma idona na kan tawa. Buhun ya bushe ƙarau, na ga cikin jarkar ya fara kumbura, nono yana tashi a ciki saboda zafi. Tsoro biyu ya kama ni, ko wuƙa ta zubar da shi, ko rana ta kai shi inda ba ya shayuwa. Yayana ya yi ta kira, na kasa ɗauka, don ban san abin da zan ce masa ba.

Da dogon ya iso ta kusa da tawa, ban san lokacin da na ƙetare igiyar da suka ja ba, na je na zauna daram a kanta. Ya ce in tashi. Na ƙi tashi, na ɗaga kai na dube shi.

"Yallaɓai, uwata ce kwance ba ta ci ba ta sha. Ka buɗe ka shinshina. In fetur ne, ka huda ta, ka haɗa da ni."

Ya daɗe yana kallona, wuƙar na hannunsa. Har direbobin manyan motoci suka miƙe daga inuwa. Can ya sunkuya ya murɗa murfin. Jarkar ta yi tsaki, nono ya yi tsartuwa ya wanke masa gaban riga har haɓa. Na ce a raina shi ke nan, yau na kwana a hannunsu. Ya sa yatsa ya dangwala daga rigarsa ya kai baki, ya yamutsa fuska. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, ya mayar da murfin da kansa ya ce in yi sauri, Allah Ya ba ta lafiya. Mai babur ya dawo ya sake ɗaure jarkar, muka wuce. A ɓangaren Nijar kuwa, warin tsamin kaɗai ya sa jandarma ya ɗaga mana hannu.

Bayan la'asar muka isa. Matar yayana ta kawo fura, na dama da hannuna, na kai ludayi baki don in ji. Haƙorana suka mutu nan take, hawaye ya cika mini ido, ban taɓa shan abu mai tsami irin wannan ba. Na so in sirka da ruwa, Yaya ya ce in bar shi, ai haka take so.

Muka tayar da ita zaune, ta jingina a ƙirjina, duk ta zama ƙashi. Na ce mata ga nonon Bugaje. Fuskarta ta washe, ta karɓi ludayi ɗaya, ta juya shi a baki, ta haɗiye da ƙyar. Ta karɓi na biyu. Sai ta ture hannuna a hankali.

"Ɗiyata, an cuce ki. Wannan ma lami ne, babu tsami ko kaɗan."

Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai. A nan muka gane ba nonon Maraɗi ne ya rasa tsami ba, bakin Inna ne ya riga ya tafi. Na goge mata leɓe da bakin zanena, na ce ta yi haƙuri, laifina ne, ban iya zaɓe ba.